Babi na Shida: Mai Jinya da Makami a Hannu

Kowane wasan da ake yi ƙungiya da ƙungiya yana da aikin da kowa ke gudu. A ƙwallon unguwa tsaron gida ne, shi ya sa ake tura ƙaramin yaro ko wanda ya zo a makare. A wasannin bidiyo na faɗa kuwa, aikin nan shi ne jinya. Mutum huɗu, biyar ko shida za su shiga fili, kowa hannunsa na ƙaiƙayin harbi, amma dole a samu ɗaya da zai tsaya baya yana duba layin jinin abokansa, wanda nasa ya ragu ya cika masa, wanda ya faɗi ya tashe shi. In an yi nasara, sunan wanda ya fi kisa ne ke hawa saman allo. In an sha kashi, tambayar farko ita ce ina mai jinya yake.

Kamfanonin da ke ƙera wasannin sun daɗe da sanin wannan ciwo, domin aljihunsu yake taɓawa. Idan ba mai son jinya, sai layi ya yi tsawo, maharba su yi ta zaman jiran a haɗa musu ƙungiya, har wasu su gaji su kashe na'ura. A 2011 kamfanin Blizzard ya kai ga sa tukuici a wasansa World of Warcraft: duk wanda ya yarda ya shiga layi shi kaɗai a aikin da ake ƙarancinsa, mai tare gaba ko mai jinya, za a ƙara masa jakar kyauta bayan an gama. Tukuici yana jawo mutum yau da gobe, amma ba ya sa aiki ya yi daɗi. Sai masu ƙira suka ƙara riƙe wata tsohuwar dabara da kyau: a bai wa mai jinya abu guda wanda zai warkar da nasa, ya kuma cutar da abokin gaba. A ganina dabarar tana cikin mafi kyawun abin da aka ƙirƙira a wannan fage, kuma sau da yawa ɓata ta ake yi. Abin da ke raba wadda ta yi kyau da wadda ta ɓaci guda ne: mai wasa yana rasa wani abu idan ya zaɓi ɗaya, ko kuwa duka biyun a ɓagas suke zuwar masa?

Asalin abin ya girmi wasannin intanet. Ana samunsa a Dungeons & Dragons, wasan tebur da takarda da aka fara bugawa a Amurka a 1974, inda daga baya aka kafa doka cewa tsafin warkarwa yana ƙona gawarwakin nan masu tafiya na tatsuniyoyin Turawa. Warcraft III na 2002 ya ɗauki dokar ya yi mata fuska biyu. Hasken wani jarumi yana mayar wa abokinsa rayayye jini 200 a matakin farko, in kuma aka jefa shi kan gawa mai tafiya ya cire mata rabin haka. Abokin hamayyarsa yana da kishiyar wannan: tsafinsa yana warkar da gawa, yana cutar da mai rai. Tsari ne mai tsafta, sai dai asalin wanda aka jefa ne ke yanke hukunci, mai wasa bai da ta cewa sosai.

A wasannin harbi kuwa, wanda ya fara da ƙarfi shi ne Team Fortress, wanda wasu matasa uku 'yan Ostireliya, Robin Walker da John Cook da Ian Caughley, suka gina a kan wasan Quake a 1996. Likitan wannan wasa yana ɗauke da kayan jinya. In ya taɓa nasa da su, ya warke. In ya taɓa abokin gaba, ya sa masa cuta mai cin jini a hankali, kuma mai yaɗuwa: wanda ya kamu in ya ruga cikin 'yan uwansa neman taimako sai ya shafa musu, kuma ba mai cire ta sai likitan ɓangarensu. Abin ya ba da tsoro, ya kuma ba da daɗi, amma ya mayar da likita ɗan kai hari. Maimakon ya tsaya da mutanensa, sai ya zama shi ne mai kutsawa sansanin abokan gaba.

Da kamfanin Valve ya fitar da Team Fortress 2 a 2007, sai ya cire cutar gaba ɗaya. Aka ba likita wata na'ura mai fitar da igiyar haske: ka nuna abokinka sau ɗaya, igiyar ta maƙale masa, jini ya yi ta shiga ba tare da ka sake saiti ba. In ka daɗe kana jinya, na'urar ta cika, ka samu daƙiƙa 8 da harsashi ba ya cin ka, ba ya cin wanda kake riƙe da shi. Sai a Disambar 2010 aka ƙara masa baka mai kibiya, kuma a nan ne, a ra'ayina, aka fara gane bakin zaren. Kibiyar in ta sami naka tana ba shi jini daga 75 zuwa 150, gwargwadon nisan da ta yi tafiya. In ta sami abokin gaba tana cire masa rabin haka. A lura da abubuwan da aka ɗaure a ciki. Waraka ta ninka illa, saboda haka lissafi da kansa yana gaya maka inda ya fi riba. Kibiya ɗaya ce kafin a sake ɗanawa. Kuma muddin baka na hannunka, igiyar hasken ta yanke, mutumin da ke gabanka ya zama ba mai kula da shi. Duk harbi ɗaya da likita ya yi wa abokin gaba, da jinin wani nasa ya saye shi.

Wadda ta kai wannan tunani ƙololuwa ita ce Ana, jarumar farko da aka ƙara a Overwatch, a Yulin 2016, wata biyu bayan fitowar wasan. Dattijuwa ce 'yar Masar, mai ido ɗaya, tsohuwar gwanar harbin nesa. Bindigarta allura take harbawa, kuma allurar ba ta da maɓallin sauya aiki: jikin da ta fara samu shi ne ya yanke, naka ya warke, na gaba ya ji ciwo. Saboda haka wurin tsayawarta shi ne rabin gwanintarta. In ta tsaya ba daidai ba, babban jarumin da ke gabanta zai tare mata hanya, ko garkuwar abokan gaba ta shanye allurar da ta nufi wani nata da ke can yana mutuwa. Amma abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne gurnetinta. In ya fashe cikin mutanenta, yana ba su jini, ya kuma ƙara ƙarfin duk wata jinya da za su samu na ɗan lokaci. In ya fashe cikin abokan gaba, yana cutar da su, ya kuma toshe musu jinya gaba ɗaya na 'yan daƙiƙu, ko masu jinyarsu nawa ne. Gurneti ɗaya ne, kuma a lokacin fitowarta, bayan an jefa sai an jira kusan daƙiƙa goma kafin wani. A faɗan da ake gamawa cikin ƙiftawa da bismillah, daƙiƙa goma shekara ce.

Ka sa kanka a wurinta. Mai tare gabanku jininsa ya kai rubu'i, yana ja da baya. A daidai lokacin, abokan gaba uku sun cunkushe a bakin wata ƙofa. In ka jefa a ƙafar naka, ya tsira, faɗa ya ci gaba ba wanda ya san ƙarshensa. In ka jefa a ƙofa, ukun nan sun zama nama, amma sai in mutanenka sun lura sun afka musu, kuma sai in naka ya jure har ka juyo da bindiga kansa. Gwanaye kan nemi hanya ta uku, su jira rabin daƙiƙa har ɓangarorin biyu su haɗu, su jefa a tsakiya ya taɓa kowa. Wanda ya taɓa yin wannan jifa daidai ba ya sake cewa jinya aikin marasa hannu ne.

Kamfanin da ya yi Ana, wato Blizzard, shi ne kuma ya nuna wa duniya yadda abin ke ɓaci. Moira, wadda ta zo a Nuwambar 2017, tana da hannu biyu: hagu yana fesa waraka daga wata ma'ajiya mai ƙarewa, dama yana zuƙe jinin abokin gaba yana sake cika ma'ajiyar. Tunanin mai kyau ne, domin illa ce ke ciyar da jinya. Sai dai hannun dama ba ya buƙatar saiti mai tsanani, har ya zama wasu suna mantawa da na hagu. Babbar ɓarakar ta zo da Brigitte a Maris 2018. Ita in ta bugi abokin gaba da sandarta mai sarƙa, duk nata da ke kusa jini yana shigar musu da kansa. Ba zaɓi, ba hasara. Duka shi ne jinya. Kafin shekara ta ƙare, manyan ƙungiyoyi sun gano cewa ba su ma buƙatar maharba: a tara masu tare gaba uku da masu jinya uku, a dunƙule wuri guda, a taka kowa. Ana kiran wannan jeri GOATS, da sunan ƙungiyar da ta yi fice da shi. An yi ta rage wa Brigitte ƙarfi, jerin bai mutu ba, 'yan kallo suka ƙosa da ganin abu ɗaya kullum. A 2019 sai da Blizzard ya kafa doka cewa kowace ƙungiya dole ta zama biyu-biyu-biyu: masu tare gaba biyu, maharba biyu, masu jinya biyu. Baiwa ɗaya da aka bayar kyauta tana cikin manyan dalilan da suka sa aka sake fasalin wasa sukutum.

Akwai wata hanya daban a Dota 2, wadda ba ta dogara da saitin hannu ba. Jarumi Dazzle yana sakin waraka mai tsalle daga aboki zuwa aboki, kuma duk wanda ta taɓa, abokan gaban da ke manne da shi suna jin ciwo daidai gwargwadon warakar. In mutanenka huɗu sun kewaye mutum ɗaya, ciwon sau huɗu zai same shi. In sun watse, jinya ce kawai. Oracle kuma ya fi kowa ban sha'awa. Wutarsa ba ta san aboki ba, ba ta san maƙiyi ba. Duk wanda aka jefa wa, za ta fara ƙona shi nan take, sannan ta bi shi da waraka a hankali wadda jimillarta ta fi ƙunar. Ka jefa wa abokinka da jininsa ya yi ƙasa sosai, ka jefa shi cikin haɗari kafin warakar ta iso. Ka jefa wa abokin gaba bai mutu ba, ka yi masa jinya da hannunka. A riƙe Oracle a zuciya, za mu dawo kansa.

Ban da na tebur, duk waɗannan wasannin kwamfuta ne, ko na manyan na'urorin da ake haɗawa da talabijin. A gabashin Sakkwato, daga Wurno zuwa Rabah zuwa ƙauyukan Goronyo irin su Boyekai, filin wasa waya ce, kuma sau da yawa wayar yaya ce da aka ara. Abin da samari suka sani shi ne Free Fire na kamfanin Garena, wanda ya fito a 2017 kuma aka ƙera shi don ya yi aiki a ƙananan wayoyi, sai PUBG Mobile da Call of Duty Mobile ga mai waya mai ƙarfi. Dabarar ta iso nan ma. A Free Fire akwai bindigogin jinya, ƙarama da ta harbin nesa, waɗanda ke ƙara wa ɗan ƙungiya jini, su kuma raunata abokin gaba.

Na taɓa zama a wata rumfar cajin waya a Goronyo, janareta na ruri a baya, samari huɗu sun jeru a benci ɗaya, kawunansu a haɗe. Ƙaramin cikinsu wayarsa a jone take da caji, gilashinta ya tsage daga kusurwa zuwa kusurwa, ya naɗe igiyar a yatsa don kada ta zare. An rutsa shi a bayan katangar ƙanƙarar da ya kafa, jininsa ya koma ja. Sai ya ɗaga murya: "Yaya, harbe ni! Harbe ni, jinina ya kusa ƙarewa!"

Wani dattijo mai buhun albasa da ke jiran wayarsa ya juyo da sauri. "Kai yaro, wane irin baki na wanga? Ka ce a'uzubillahi."

"Baba, ba harbin kisa ba na," in ji yaron, idonsa bai bar gilashi ba. "Harbin magani na."

Yayan ya saita, ya harba. A daidai nan sabis ya yi tsalle, hoton ƙanen ya tsaya cak, sannan ya bayyana taku uku a gefe. Harsashin ya wuce ta inda yake a da. Kafin a sake harbi an kayar da shi.

Abu biyu na ɗauka daga rumfar nan. Na farko na ƙira ne. Jinyar da ke buƙatar saiti daidai wa daida, irin ta Ana, an yi ta ne don mai intanet mai gudu da babban allo. Maharbin da sabis ya yaudara ya rasa kisa ɗaya, zai sake samun wani. Mai jinyar da sabis ya yaudara ya rasa mutum, kuma zargi a kansa zai sauka. Duk wanda zai ƙera wa yaranmu wasa, dole gwanintar mai jinyarsa ta kasance a lissafi da sanin lokaci, kamar ta Dazzle da Oracle, kada ta rataya a kan tsinin yatsa.

Na biyu shi ne fuskar dattijon. Ba tsufa ne ya sa shi firgita ba. A Oktoban 2021 'yan bindiga sun afka wa kasuwar Goronyo suka kashe fiye da mutum 40, Allah ya jiƙansu da rahama. A ƙasar da ta ga wannan, kalmar harbi ba ta fita daga bakin yaro a wuce ta. Ina tare da iyayen da ba su son ganin bindiga ko a gilashin waya, kuma ban ga laifinsu ba. Amma wayoyin suna hannun yaran, kuma cikin duk ayyukan da wasan ke rabawa, jinya ce kaɗai ke tilasta wa yaro ya san halin da kowane abokinsa ke ciki kafin ya duba nasa. Shi ya sa nake son aikin ya yi daɗi har a riƙa rububinsa. Shi ya sa kuma nake ganin mai jinyar da za mu ƙirƙira ba ya buƙatar bindiga ko kaɗan. Tarihin wannan kwari na Rima ya ba mu abin da ya fi ta.

A Oktoban 1826 Baturen nan Hugh Clapperton ya bi rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello zuwa harin da aka kai Konya, garin da Gobirawa suka riƙe bayan faɗuwar Alkalawa a 1808. Ya ga barade cikin lifidi, ya ga 'yan baka, ya ga masu bindiga. Amma wadda ya fi yabawa a littafin tafiyarsa wata tsohuwa ce Bazamfara, baiwar Sarkin Musulmi. Tana kan doki, da malfa a ka, ta rataye goruna kusan shida cike da ruwa a sirdi, da tasar tagulla. Tana kutsawa inda ake faɗa tana shayar da masu rauni da masu ƙishi, shi kansa Baturen ya sha daga hannunta. A hukuncinsa ita ce ta fi kowa amfani a ranar, kuma ba wanda ya fi ta jarumta. Bai rubuta sunanta ba, kuma wannan yana yi mini ciwo duk lokacin da na tuna. Shi kuwa Bello, wanda ya gina ribaɗin Wurno ya zauna a can har rasuwarsa a 1837, kuma a can kabarinsa yake, bayan jagorancin yaƙi ya yi rubuce-rubuce a kan magani, har da na ciwon ido da na basir. Jinya a bakin daga ba baƙuwa ba ce a nan.

Ɗaya ɓangaren kuma, na cutarwa, yana cikin kwarin 'yan baka. Babban sinadarin dafin kibiya a ƙasar Hausa shi ne kwankwani, tsiro mai hawa bishiya wanda masana ke kira Strophanthus, ana dafa 'ya'yansa da wasu abubuwa irin su tinya. Maharbin da ya iya dafa dafi, shi ake nema kuma in ana son makari. Ɗan uwan wannan tsiro ne John Kirk, likitan da ya raka Bature mai yawon bincike Livingstone a tafiyar kogin Zambezi ta 1858 zuwa 1864, ya ci karo da shi: burushin haƙorinsa ya taɓa dafin a aljihu, ya yi amfani da shi, sai ya ji bugun zuciyarsa ya ragu. Thomas Fraser na jami'ar Edinbara ya bi diddigin abin, kuma a 1885 ya gabatar da shi a matsayin maganin ciwon zuciya. Yadda yake aiki shi ne yana taɓa wani famfon gishiri da ke jikin ƙwayoyin naman zuciya. Kaɗan daga cikinsa yana sa zuciya mai rauni ta matsa da ƙarfi, ta kuma natsu. In ya yi yawa, sai ta rikice ta tsaya. Ruwa ɗaya ne, ga sarki ga bawa, ga aboki ga maƙiyi. Awo ne kawai ya bambanta.

Yanzu sai mu haɗa su mu ga abin da za a samu. Jarumar da nake hasashe dattijuwa ce a kan doki, mu kira ta Inna Mai Goruna. Ba ta da bindiga, ba ta da baka. Goruna shida ne a sirdinta, cike da jiƙo iri ɗaya. In ta jefa gora, sai ya fashe ya jiƙa fili mai faɗin ɗaki, kuma duk wanda ke ciki ya sha awo ɗaya, ko nata ne ko na gaba. Awo na farko yana mayar da jini. Na biyu, in ya zo kafin na farko ya sake shi, yana ƙara jini ya kuma ƙara sauri. Na uku yana tsayar da zuciya.

A duba abin da wannan ke jawowa. In Inna tana son ta kayar da abokin gaba, sai ta kashe rabin kayanta a kansa, kuma gora biyun farko taimakonsa za su yi. In ya kuɓuce kafin na uku, ta sallame shi da cikakken jini da ƙarin gudu, mutanenta kuma sun rasa gora biyu. Wannan darasin Oracle ne, an miƙa shi ya yi tsawo. In kuma faɗa ya cakuɗe, nata da na gaba sun haɗu a wuri guda, sai lissafi ya yi zurfi: wane ne ya sha ɗaya, wane ne ya sha biyu? Gora guda zai iya zama awo na farko ga ƙanenta da ya shigo yanzu, ya zama na uku ga maƙiyin da ya daɗe a wurin. Wannan ita ce jifar da yara za su riƙa ba da labarinta a makaranta. Su ma abokan gaba suna da abin yi, domin mai wayo zai iya kutsawa da gangan ya sha awo ɗaya ya fice, ya sha jinya a kuɗin wasu. Kuma idan ɓangarorin biyu kowa na da tasa Inna, awon da wannan ta ba ka yana haɗuwa da na waccan, sai jinyar da uwar ɗakinka ta yi maka ta zama tsani ga kishiyarta.

Goruna ba sa cika da kansu. Sai ta je bakin ruwa ta tsaya ta ɗiba, a rijiya ko a gulbi. Wannan kaɗai ya isa ya ba taswira ma'ana. A zana fadama irin ta Rima, da gonakin shinkafa da na tafarnuwa, da magudanan ruwa irin waɗanda ke fitowa daga madatsar Goronyo, sai mashaya ta zama wurin da ake faɗa a kansa, kuma maharba su koyi raka mai jinyarsu ɗibar ruwa, wanda a yawancin wasanni ba sa yi.

Akwai matsala ɗaya da ba zan ɓoye ba. Duk baiwar da ke iya kashe aboki, za a samu mai mugun hali da zai yi ta da gangan don ya ɓata wa mutane rai, kuma cuta mai yaɗuwa ta Team Fortress ta buɗe irin wannan ƙofa tun tuni. Saboda haka zan sassauta: awo na uku a jikin aboki ba zai kashe shi ba, jiri zai sa shi, allonsa ya yi hazo, ƙafarsa ta yi nauyi na 'yan daƙiƙu. A tsakiyar faɗa wannan ma hukunci ne mai tsanani, amma ya bar wa mutum damar tsira. Sai kuma a sa alamar awo ta fito ƙuru-ƙuru a saman kan kowa, ɗigo ɗaya ko biyu manya, masu launin da za a gani ko a fasasshen gilashi da rana tsaka. In mai wasa ba ya iya ƙirga awo da kallo ɗaya, duk ginin ya rushe.

Ba zan sa mata farar rigar likita ba, ba kuma zan sa mata jar alamar nan ta asibiti ba. A duniyar gaske, tun yarjejeniyar Janiba ta 1864 aka keɓe ma'aikatan jinya daga faɗa, kuma ta 1949 ta yarda su riƙe makami ne kawai don kare kansu da majinyatansu. Alamar kariya ce ga mutanen da ke shiga inda kowa ke gudu, shi ya sa ƙungiyar Red Cross ke bin kamfanonin wasa tana neman su cire ta, kamar yadda ta yi wa masu ƙera wasan Prison Architect har labarin ya bazu a farkon 2017. Wasu sun ga abin kamar tsanani. Ni ina ganin daidai ne, musamman ga yaran da watarana za su iya ganin motar asibiti a hanyar da ba ta da aminci. Haka kuma ba zan yi ta da siffar boka mai ƙaho da ƙasusuwa ba, irin wadda kamfanonin waje suka saba liƙa wa duk mai maganin da suka ce daga Afirka yake. Malfa, zane, tasar tagulla da doki sun isa.

Saura allon maki, wanda nan ne aka fara zaluntar mai jinya. Yawancin wasanni jimillar jinin da ya bayar suke nunawa, lamba mai yawa wadda ba ta gaya wa kowa komai, tunda ana iya tara ta ta hanyar fesa wa mutumin da ba ya cikin haɗari. Na'ura tana iya ƙirga abin da ya fi wannan: sau nawa aboki ya sha bugun da zai kashe shi ba don goran da ya riga ya sha ba. Wannan lamba nake so a rubuta wa Inna, a layi ɗaya da kisan maharba, da girman rubutu ɗaya. A ƙarƙashinta kuma a rubuta jinin da ta bai wa abokan gaba da gorunan da ba su kai na uku ba, domin ƙungiyarta ta gani, ita ma ta gani.